BAKIN JAMA'A DA KUNNEN HUKUMA: Kare Ƙungiyoyin Neman Haƙƙi a Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama



1.0 GABATARWA

Da aka nemi in yi magana a kan kare ƙungiyoyin da ke tunkarar hukuma game da haƙƙin ɗan Adam, sai na yi jim, domin ni ba lauya ba ne, ban kuma karanta kimiyyar siyasa ba. Malamin Hausa ne ni. Abin da na ɗan sani shi ne kalma, da inda ta fito, da inda take kai mai ita. Amma da na sake tunani sai na ga ashe batun bai fita daga gonata ba, domin duk aikin irin waɗannan ƙungiyoyi magana ce: su ji daga bakin talaka, su kai ga kunnen mai mulki. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me ke samun ƙasa idan aka toshe wannan hanya, me kuma za a yi don kada a toshe ta?

Ba zan yi nisa ba wajen neman misalai. Ƙasar nan da muke zaune a cikinta, watau Jega da Aliero da Maiyama, ta ba Nijeriya darasi biyu a kan wannan al'amari, ɗaya a 1803, ɗaya kuma a 1992, a kansu ne zan gina wannan lacca. Zan fara da tantance kalmomi, sa'an nan in waiwayi abin da muka gada, in kawo darussan nan biyu, in duba abin da doka ta tanada da inda ta gaza, daga ƙarshe in faɗi abin da nake ganin ya kamata a yi.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Sunaye uku ake kiran waɗannan ƙungiyoyi da su a Hausa, kowane kuwa yana da abin da yake nunawa. Idan aka ce “ƙungiyoyin farar hula”, ana nufin 'ya'yansu ba masu ɗamara ba ne. Idan aka ce “masu zaman kansu”, ana nufin ba reshen gwamnati ba ne. Idan aka ce “na sa kai”, ana nufin ba wanda aka tilasta wa shiga. A cikin wannan lacca ina nufin duk wani taron mutane da suka haɗu don wata manufa ta jama'a, ba don neman kujerar mulki ko neman riba ba. Saboda haka ƙungiyar lauyoyi ta Legas tana ciki, haka kuma ƙungiyar manoma albasa ta Aliero, da ƙungiyar mata, da ta iyayen yara da malamai, da ta ci gaban gari.

Kalmar “haƙƙi” aro ce daga Larabci, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Bahaushe kan ce “ya ci haƙƙina”, ya kuma ce “alhakinsa zai kama ka”. Watau a tunaninsa haƙƙi bashi ne, wanda ya danne shi kuwa ya ɗaukar wa kansa kaya. Ita kuwa kalmar “'yanci” tushenta ɗaya da “ɗa” da “'ya”, watau matsayin wanda ba bawa ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ba daga wani littafin ƙetare Bahaushe ya fara jin labarin haƙƙi da 'yanci ba.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da nake roƙon masu sauraro su riƙe su har ƙarshen wannan lacca, su ne “koke” da “tawaye”. Ba ka kai koke sai ga wanda ka yarda shi ne shugabanka, ka kuma yi masa zaton zai iya gyarawa. Don haka mai koke yana nan cikin biyayya. Mai tawaye kuwa ya fid da rai ga gyara, ya kwance caffa. Babbar masifar da ke samun ƙungiyoyin da muke magana a kansu ita ce hukuma ta ji koke, ta raɗa masa suna tawaye. Duk abin da zan faɗa nan gaba, sharhi ne a kan wannan.

3.0 ABIN DA MUKA GADA

A tsarin zaman Hausawa na da, talaka ba ya zuwa fada shi kaɗai ya yi ƙorafi. Kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Noma da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa da sauransu. Waɗannan su ke isar da umurnin sarki ga jama'arsu, su ke kuma isar da kukan jama'arsu ga sarki. Ban da su, al'ada ta keɓe wasu mutane da aka yarda su faɗi abin da wani ba ya iya faɗi. Wawan sarki yakan yi wa ubangidansa gugar zana a gaban fadawa, a yi dariya, amma saƙo ya isa. Mawaƙi yana da zambo da habaici. Ko yara masu wasan tashe sukan kwaikwayi halin manya a cikin watan azumi, ba wanda zai ce don me. Illar wannan tsari guda ɗaya ce: duk ya rataya ne a kan haƙurin sarki. In an yi dace da mai haƙuri, a sha iska; in an sami mai zafin rai, sai kowa ya kama bakinsa.

Malamai su ne suka fara neman a mayar da wannan sassauci ya zama alkawari. Wajejen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Sallar Layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya amince. A lura da yadda aka jera buƙatun nan. Ukun farko kariya ce ga Jama'ar Shehu ita kanta, watau damar magana da damar taruwa da mutuncin 'ya'yanta. Biyun ƙarshe kuwa haƙƙin kowane talaka ne na Gobir, ko yana cikin Jama'a ko ba ya ciki. Shehu ya gane cewa sai mai roƙon ya tsira da bakinsa kafin ya roƙa wa wani. Wannan shi ne dalilin da ya sa kare ƙungiya yake gaba da sauran haƙƙoƙin da take nema.

4.0 DARASIN GIMBANA

Alkawarin Magami bai daɗe ba bayan rasuwar Bawa, domin alkawarin mutum ɗaya ne. A zamanin Sarki Nafata aka yi shela cewa ban da Shehu kada wani malami ya ƙara yin wa'azi, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Watau an soke abu ukun nan na farko. Saboda wannan matsi ne wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, wanda asalinsa Ba'are ne, ya kwashi mutanensa ya ƙaura zuwa Gimbana, nan ƙasar Jega.

Da Yunfa ya hau gadon sarauta sai ya aika wa Abdussalami ya komo, shi kuwa ya ƙi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu ya fita da iyalinsa ya bar sauran Jama'a, Shehu ya ce ba zai rabu da su ba. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1808 kuma Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Shekara ashirin kacal ke tsakanin Magami da faɗuwar Alkalawa. Sarautar da ta ga koken malamai ya yi mata nauyi, ita ce ta wayi gari ba ta da ƙasar da za ta mulka.

Labarin yana da kashi na biyu, wanda ba a cika faɗinsa ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami, wanda a lokacin yake zaune a Kware, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abdussalami ya yi kukan cewa ba a ba shi matsayin da ya cancanta ba a rabon ƙasa, ya kuma yi zargin ana aikata zalunci. Aka yi ta musayar wasiƙu, kuma abin sha'awa shi ne Bello da kansa ya adana hujjojin abokin jayayyarsa tare da amsoshinsa a cikin littafinsa Sardul Kalam. Amma da magana ta kai ga haɗa kai da abokan gaba da zare takobi, sai aka ci Kware da yaƙi, Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Daga baya ɗansa Buhari ya sasanta da Gwandu, ya kafa garin Jega a bakin Gulbin Zamfara, garin da kasuwarsa ta yi suna a duk faɗin daular.

Abu uku za mu tsinta a nan. Na ɗaya, kariyar da ta dogara ga halin sarki tana mutuwa tare da shi. Na biyu, idan aka hana koke, kukan ba ya ɓacewa, wata hanya yake sakewa, sabuwar hanyar kuwa takan fi tsohuwar tsada ga kowa. Na uku, ita ma ƙungiya tana da iyaka: ranar da ta tsallaka daga magana zuwa makami, ta yar da garkuwarta. Jega kuwa, in mun duba, sulhu ne ya haife ta.

5.0 DARASIN ƘUNGIYAR MALAMAN JAMI'A

Darasi na biyu ya zo ne ta hannun wani ɗan wannan gari na Jega, a zamanin mulkin soja. An kafa Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, a 1978. A 1988 ta shiga yajin aiki a kan albashi da 'yancin jami'o'i su tafiyar da al'amuransu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta ta, ta ƙwace kayanta, aka tsare wasu shugabanninta. A cikin wannan yanayi ne Dakta Attahiru Muhammadu Jega, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero, wanda aka haifa a Jega a 1957, ya karɓi shugabancinta, ya riƙe har 1994. An ɗage haramcin a 1990. A 1992 malamai suka sake tafiya yaji, gwamnati ta sake haramta ƙungiyar.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Gwamnati ta iya soke suna a takarda, amma ba ta iya tilasta wa malami ya shiga aji ba, ba ta kuma da wanda za ta yi magana da shi sai waɗanda ta haramta. Ranar 3 ga Satumba 1992 ta sa hannu a yarjejeniya da shugabannin ƙungiyar da ta ce babu ita. Daga cikin shawarwarin da malamai suka kawo teburin akwai cewa a ɗora wa kamfanoni wani haraji na musamman domin ilmi. Aka yi dokar soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta yanka kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, aka kafa asusu da kuɗin. Shi ne asusun da dokar 2011 ta keɓe wa manyan makarantu da sunan TETFund. Jami'ar nan ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana cikin waɗanda suka ci moriyarsa. Ɗalibin da ya ga sunan asusun a jikin bangon wani gini, ya sani cewa shawarar haramtacciyar ƙungiya ce ta zama wannan gini.

Bugu da ƙari, mutumin da ya shugabanci haramtacciyar ƙungiyar nan shi ne ya zama Shugaban Jami'ar Bayero a 2005, shi ne kuma aka danƙa wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa daga 2010 zuwa 2015, har ya gudanar da zaɓen da a karo na farko ɗan hamayya ya kayar da shugaban ƙasa mai ci. Haka kuma a 2023 Jihar Kebbi ta zaɓi Dakta Nasir Idris, tsohon shugaban Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Ƙasa, ya zama gwamna. Ashe mai kai koke na yau shi ne mai karɓar koke na gobe, kuma ƙungiya makaranta ce da ƙasa ke koyar da shugabanninta ba tare da ta kashe ko kwabo ba.

Kada a ɗauka kowa ya tsira kamar yadda malaman jami'a suka tsira. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na ƙasar Ogoni, bayan shari'ar wata kotu ta musamman da duniya ta yi tir da ita. Aka dakatar da Nijeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, rikicin yankin mai kuwa sai ma ƙaruwa ya yi, har ya koma na bindiga. Hanyar Gimbana ke nan aka sake bi.

6.0 GARKUWAR DA DOKA TA TANADA

Bambancinmu da mutanen zamanin Bawa shi ne mu alkawarinmu a rubuce yake. Tsarin Mulki na 1999, a Babi na Huɗu, ya ba kowa damar faɗin ra'ayinsa a sashe na 39, da damar taruwa da kafa ƙungiya a sashe na 40. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu daga cikin haƙƙoƙin nan saboda tsaro ko zaman lafiya, amma sai da doka, dokar kuma sai ta dace da ƙasa mai bin tafarkin dimokuraɗiyya. Har ila yau akwai Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, wadda Nijeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983.

Kotuna sun ƙara wa waɗannan ƙarfi. A watan Satumba na 2003 'yan sanda suka tarwatsa wani gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, a kan cewa ba a nemi izini ba. Magana ta je kotu, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro ya saɓa wa Tsarin Mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su za a yi taro ko jerin gwano, aikinsu shi ne su ba da tsaro. A 2009 kuma Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar da sababbin ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, ba tare da an ce mata ina ruwanki ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa ma'aikata ta amsa takardar mai neman bayani cikin kwana 7. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, aka ƙara mata iko da gyaran dokar 2010.

A fagen duniya, ranar 9 ga Disamba 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da wani ƙuduri na musamman domin masu kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin tsare su daga barazana da ramuwar gayya. Wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun mayar da shi doka: Kwaddibuwa a 2014, Burkina Faso a 2017, Mali a 2018, Nijar a 2022.

7.0 INDA GARKUWAR TAKE DA ƁULA

Duk da haka, rubutu a takarda bai taɓa hana kowa kwana a kurkuku ba. A Nijar ɗin da ta yi dokar 2022, a watan Disamba na 2024 aka kama Musa Changari, shugaban wata sananniyar ƙungiyar farar hula, a gidansa na Yamai. A Nijeriya kuwa, bayan komawa mulkin farar hula a 1999, salon matsin ya sake. An rage haramta ƙungiya da sanarwar rediyo, aka koma neman shaƙe ta da ƙa'idojin rajista. A 2016 aka gabatar wa Majalisar Wakilai wani ƙudurin kafa hukumar da za ta riƙa sa ido a kan ayyukan ƙungiyoyi da kuɗinsu. Jama'a suka yi masa ca a zaman jin ra'ayi na Disamba 2017, bai zama doka ba. A 2020 sabuwar dokar kamfanoni, a sashe na 839, ta ba Hukumar Rajistar Kamfanoni hanyar dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙo. A 2023 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce sashen ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Wani makamin kuma shi ne ɓata suna, a ce ƙungiyoyin nan karnukan farautar Turawa ne, sun zo rushe addini da al'ada. Lalle akwai waɗanda ba su san komai ba sai neman kuɗin ƙetare. Amma a tuna cewa lokacin da wata kotu ta yanke wa wata mata 'yar Tungar Tudu hukuncin jefewa, ƙungiyoyin mata irin su BAOBAB da WRAPA suka tsaya mata, da hujjojin fiƙihun Malikiyya lauyoyi suka yi jayayya, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ce ta sallame ta ranar 25 ga Maris 2002.

Babbar ɓula kuwa ita ce wadda ta fi kusa da mu. Abin da ya ceci malaman jami'a shi ne yawa da ilmi da lauyoyi da jaridu. To, mu ɗauka wasu manoma shinkafa ne a wani ƙauye na ƙasar Maiyama suka haɗu suka rubuta takarda a kan wata fadama da aka karɓe ba diyya, ko takin da aka ce an raba amma bai iso ba. Ba za a yi dokar haramta su ba, ba a ma bukatar haka. Ana iya kiran shugabansu a tsare shi kwana uku da sunan bincike. In sakatarensu malamin firamare ne, a yi masa canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa. A tura dattijo ya je wurin mahaifinsa ya ce a ja wa yaron nan kunne. A rabon kaka mai zuwa a tsallake sunayensu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a jarida, amma ƙungiya ta mutu, sauran ƙauyuka kuma sun ɗauki darasi. Masu irin wannan ƙaramin ƙarfi su suka fi kowa sanin inda ɗaki yake yoyo, su ne kuma suka fi kowa rashin garkuwa.

8.0 ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, hukuma, tun daga ƙaramar hukuma har zuwa jiha, ta buɗe wa koke ƙofa sananniya: a ajiye littafin da ake rubuta kowace takarda da ranar da ta iso, a ba mai ita shaida, a ƙayyade ranar amsa. Majalisar dokoki kuma ta yi doka mai hukunta duk jami'in da ya yi ramuwar gayya a kan mai koke, ko da ta hanyar canjin wurin aiki ne ko hana shi rabonsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, iyayenmu sarakuna da malamai su koma matsayin da aka san su da shi, watau inuwar mai kuka. Idan hakimi ya karɓi shugabannin ƙungiya a zaurensa a bainar jama'a, ya ce 'ya'yana ne, da wuya wani ƙaramin jami'i ya taɓa su.

Na uku, su kansu ƙungiyoyin su tsare gidansu. Su yi rajista, su rubuta kuɗin shiga da na fita, su karanta wa 'ya'yansu a taron shekara. Kada su faɗi abin da ba su da hujjarsa. Su riƙe rana da wuri da sunan shaida. Kada su zama 'yan amshin shatar wata jam'iyya, domin ranar da jam'iyyar ta faɗi za su faɗi tare da ita. Su kuma ƙulla zumunci da junansu da reshen ƙungiyar lauyoyi da 'yan jarida tun kafin rana ta ɓaci, yadda in an taɓa na Maiyama, na Jega da na Aliero za su ji kafin rana ta faɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na huɗu ya shafe mu, malaman jami'a, musamman mu na Hausa. Duk dokokin Nijeriya da na lissafa da Ingilishi aka rubuta su, alhali wanda ya fi bukatarsu Hausa yake ji, wani ma ajami kaɗai yake karantawa. Wajibinmu ne mu fitar da sassan nan cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a karanta su a rediyo, ɗalibanmu su kai su ƙauyukansu lokacin hutu. Mutumin da ya san cewa kwana ɗaya doka ta ce, ba zai yi shiru a kwana na uku ba.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan lacca na yi ƙoƙarin nuna cewa kai kuka ga mai mulki ta bakin ƙungiya tsohuwar al'adarmu ce, kuma kare masu yin haka amfanin hukuma ne kafin ya zama amfaninsu. Yunfa ya ɗauki koke tawaye, ya rasa Alkalawa. Gwamnatin 1992 ta yi irin kuskurensa, amma ta dawo teburin shawara, ƙasa ta sami asusun da manyan makarantu suka yi gine-gine da shi. Ƙasar Jega ta shaida duka biyun. Abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar cewa kariyar da babban malamin jami'a ya samu ta isa ga manomin da ke bakin fadama, tun yana kan rubuta takarda, kafin ya fid da rai ga samun amsa.